Dada da Marar Kunyar Cikin Littafi

Ranar Laraba, wajen ƙarfe goma na safe, a makon ƙarshe na hutun da na ɗauka da babbar Sallah, Allah ya yi wa kakata rasuwa a gidanmu da ke Abbare, cikin Jalingo. Ita ta haifi mahaifina. Duk gidan Dada muke ce mata. A cikin ɗakin akwai Goggo, autarta, wadda ta zo jinya daga Mutum Biyu, da mahaifiyata, da ni. Baba, ɗanta na fari, yana tsugune a bakin ƙofa daga waje, inda ya saba tsugunawa kullum in ya zo gaishe ta. An yi jana'iza bayan Azahar.

Kafin La'asar gida ya cika. 'Yan uwa na Lau sun iso a makare, ruwan da aka yi ya ɓata musu hanya, suka tarar an dawo daga maƙabarta. Matan da suka zo daga rugage ba su yi kuka ba. Suka zauna a lulluɓe, suna ta'aziyya da Fillanci ƙasa-ƙasa kamar masu gudun tada mai barci. Wadda ta yi kuka da ƙarfi maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mumuye mai sayar da doya. Ta zube a tsakar gida tana tambayar wa zai riƙa raina mata doya yanzu. Shekara da shekaru suna faɗa a kan doyar wannan da nonon waccan, babu wadda ta taɓa yarda an fi ta. Matan rugage suna kallonta ta wutsiyar ido, amma babu wadda ta hana ta. Ina jin wasu ma sun ji sanyi da aka sami mai yi musu.

A zaure dattawa suna ta yabo. Limamin unguwa ya ce irin su Dada sun ƙare a duniya, ya kuma kawo hujja. Ya ce tun da yake, bai taɓa jin ta ambaci sunan ɗanta na fari ba, ko da suɓutar baki. Yana faɗa yana duban Baba, kamar mai miƙa masa kyauta. Sauran suka ce ƙwarai, wannan ita ce kunya, wannan shi ne pulaaku, halin Fulani na asali. Baba ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Ina zaune kusa da shi, na ga yatsansa ya tsaya a kan ƙwayar carbi guda bai wuce ba.

Liman ya faɗi gaskiya gwargwadon saninsa. Abin da bai sani ba ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai tashi cikin al'adar ba, a gidajen Fulani irin namu, da gidajen Hausawa da dama, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama da shi, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da an yaye shi sai a ba kaka ko goggo. Yanzu yawanci an sassauta, a sa wa yaro laƙabi a riƙa kiransa da shi. Dada ba ta sassauta ba. "Mutumin nan" take ce wa Baba, kuma ba shi take yi wa maganar ba, wanda ke kusa da ita take gaya wa. Kowace safiya zai tsuguna a ƙofa ya yi gaisuwa, ita kuma ta amsa wa bango. In akwai saƙo, sai ta ce a ce wa mutumin nan akuya ta tsinke igiya, ko a ce wa mutumin nan hadari ya taso.

Ni ma ɗan fari ne, shi ya sa a ɗakinta na tashi. Duk abin da ta hana ɗanta, ni ta juye wa. Angona take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. Da na sami aikin karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna, sai ta riƙa gaya wa baƙi wai mijinta ya gudu ya bar ta da murya a cikin akwati. Tana kuma saurare, ba ta fashi. In na zo gida sai ta karanto mini laifukana: rannan na yi sauri, rannan na haɗiye ƙarshen magana, rannan kuma da mura na shiga ɗakin mutane.

Doguwa ce, siririya, ba ta cin abinci a gaban kowa. Har ƙafafunta suka gaza tana yin kindirmo da man shanu, mutane na zuwa gida saye. Ba ta yarda da firji ba, ta ce yana kashe wa nono rai. Ƙwaryarta da faifanta a kusurwar ɗaki suke, wanda duk ya ɗaga faifan kafin lokaci ya gamu da ita. Tana da wata magana da take yi wa nono, take kuma yi wa mutane: nonon da ake yawan buɗewa ba ya kama.

Kada wani ya ɗauka ba ta son Baba. Man shanun da ya fi kyau takan ware shi ta ce a kai wa baƙi a zaure, alhali babu baƙo a zauren sai shi. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti. Ban gani da idona ba, ina makaranta, Goggo ce ta ba ni labari. Kullum Dada sai ta taka da ƙafa har asibitin, ta zauna a gindin mangwaron da ke fuskantar tagar ɗakinsa, tun hantsi har rana ta karkata. Ba ta taɓa shiga ba. Da wata ma'aikaciya ta tambaye ta wa take jinya, sai ta ce ita inuwa ta zo sha.

Bana na haɗa hutun Sallah da hutuna na shekara, don an gaya mini ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, a mai da ita gida a ci gaba da magani. Ranar Sallah da yamma, bayan an gama fiɗa, ta sa aka tara mu. Ta ce ba ta ga alamar za ta ga wata Sallar ba, kowa ya matso. Ta bi mu ɗai-ɗai, 'ya'ya da surukai da jikoki, har jaririyar da ƙanwata ke goye da ita. Kowa ta kira shi da sunansa na yanka, ta dafa kansa, ta ce ta yafe masa, shi ma ya yafe mata. Ni ta ce ta yafe mini komai ban da gudun da na yi na bar ta. Aka yi dariya, wasu na share ido. Da aka zo kan Baba, yana tsugune a wurinsa, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ta gyara mayafi, ta dubi bango, ta ce, "Da sauran waɗanda ke gidan."

Aka shafa fatiha. Babu wanda ya ga abin mamaki. Baba ya tashi ya koma wajen naman da aka rataye, ya tsaya yana juya tsokar da ba ta bukatar juyi.

Washegari mahaifiyata ta same ni a bakin rijiya. Ita ma ba ta kiran sunana, amma takan yi mini magana tana kallon wani waje. Ta ce Baba bai runtsa ba. A duk zamansu, in ji ta, bai taɓa ƙorafi a kan wannan ba sai yanzu. Ya ce ba ya zargin tsohuwa, ya san al'ada ce, ya kuma san ba ta riƙe shi da komai ba. Amma yana so kafin ta tafi, ko sau ɗaya, ta kira shi ya amsa. Ya haura sittin bai san yadda sunansa yake fita daga bakin uwarsa ba. Mahaifiyata ta ce tunda ni Dada ke ji da shi, in san yadda zan yi.

Ban san yadda zan yi ba. Sai na yi abin da nakan yi in abu ya fi ƙarfina, na ɓuya a cikin karatu.

A tashar Kaduna na sayi wani littafin labari na Hausa a hannun mai talla, don ya rage mini hanya. Labarin wata mata ce da aka yi wa ɗanta ƙazafin sata a gidan mijinta. Ta san ƙarya ne, amma da aka tambaye ta sai ta yi shiru don tsoron dangin miji. Yaron ya bar gari ya bi manyan motoci. Bayan shekaru ta tattara 'yan kayanta ta shiga bin tashoshi, gari-gari, tana tsayawa a tsakanin motoci tana kiran sunansa. Ba wani fitaccen littafi ba ne, akwai kurakuran bugu a kusan kowane shafi. Amma wanda ya rubuta shi ya san tasha, ya kuma san yadda mutum yake zama abin kallo.

Ina zaune a ɗakin Dada bayan La'asar, tana barci, ana yayyafi. Na kai wurin da 'yan kamasho suka fara kwaikwayon kiran matar suna dariya, ita kuma ba ta fasa ba. Ban san na yi hawaye ba sai da na ji muryar Dada tana tambayar wa ya mutu. Na ce babu kowa, littafi ne.

"To, ango," in ji ta, "kai da ke karanta mutuwar mutane a rediyo kamar mai ƙirga awaki, yau takarda ce ta sa ka kuka? Karanto in ji abin da ya fi ƙarfin mijina."

Na koma farko na fara. Ban yi nisa ba ta tsayar da ni, ta tambaya ko yaron shi ne na farin matar. Na ce shi ne. Ta ja tsaki. Ta ce wannan marar kunya ce, ba ta da dangin da za su kamo ta su mai da ita gida? Na ɗauka an gama da littafi ke nan. Washegari ana idar da La'asar ta dube ni ta ce, "Marar kunyar nan, ta kai ina?"

Haka sunan ya bi matar har ƙarshe, haka kuma karatu ya zama na kullum bayan La'asar. Dada ba mai sauraro ba ce mai shiru. Takan tambayi me matar ta ci a ranar, in na ce ba a faɗa ba, sai ta ce marubucin bai taɓa jin yunwa ba. Ta ce da matar na da wayo da wajen lodin shanu ta nufa, irin na ranar kasuwar Mutum Biyu, don can yaran mota suke taruwa. Muryata ma ba ta tsira ba. Ta ce in ajiye muryar rediyo a waje tare da takalmina, ba gwamna nake yi wa bayani ba. Shekaru ana koya mini yadda zan riƙe murya kada ta nuna abin da ke cikina, ita kuma ta sa na kwance wannan duka a kan tabarmarta.

Goggo takan zauna tana tsintar wake tana ji. Mai doya ma ta riƙa leƙowa, kuma tun ranar farko ta ɗauki ɓangaren matar. Ta ce in ita ce, za ta kira har maƙogwaro ya fashe, ɗa ai ɗa ne. Dada ta ce mata ke ai duk Abbare ta haddace sunan naki, tun asuba kike shelarsa kamar an yi ɓatan akuya. Mai doya ta ce aƙalla nata yana amsawa. Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma Goggo ta yi maza ta ce mini in ci gaba.

Baba yana da kantin maganin dabbobi a kasuwa. A kwanakin nan ya fara rufewa da wuri. Akwai benci a ƙarƙashin tagar Dada daga waje, sai ya zauna a kai da wani tsohon famfon feshi wai yana gyara. Famfon bai taɓa gyaruwa ba. Babu wanda ya ce masa komai, babu kuma wanda ya gaya wa Dada, amma ta san tarinsa ta san takunsa. Wata rana ta ce in ɗaga murya, ruwan da ke dukan kwano yana hana ta ji. Ruwan ya daɗe da ɗaukewa.

Wannan ne ya ba ni ƙwarin gwiwa, wannan ne kuma ya jawo faɗanmu. Na shirya maganata kamar yadda nake shirya labaran ƙarfe bakwai, na tace kowace kalma. Da safe, bayan ta sha magani, na ce mata malamai sun ce wannan kunyar al'ada ce, ba addini ba. Na ce Baba ya tsufa, ita ma ta ga halin da take ciki, kuma kalma ɗaya ce. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta tambaya ko shi ya aiko ni. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce to bai lalace ba tukuna. Ta ce uwarta har ta mutu ba ta kira ɗanta na fari ba, kuma shi ne ya saka ta a kabari da hannunsa. Ta ce in kwashe littafina da malamaina in fita mata daga ɗaki.

Ba ta ɗaga murya ba, Dada ba ta ɗaga murya. Amma daga ranar ta daina ce mini ango, ta koma kirana da sunana tsura, magani kuma sai daga hannun Goggo. Karatu ya tsaya. Baba bai san abin da ya faru ba. Bayan La'asar sai ya zo ya zauna a bencinsa da famfonsa, ya ji ɗaki shiru, ya jima, ya tashi. Ina kallonsa daga zaure. Ga uba a can, ga kaka a nan, tsakaninsu bango ɗaya na bulo, ni da aka ce in san yadda zan yi na toshe 'yar kafar da ta rage. Zuwa wajensa in yi masa bayani ma ba zai yiwu ba, don ni ma ɗan fari ne, ba ma zama mu yi hira. Kwanakin hutuna suna ƙarewa, numfashinta kuma yana gajarta, har sai an jingina ta da matasai take iya barci.

Ita ta sauko da kanta. Ranar Litinin ta aiko Goggo ta ce a gaya wa wancan mijin banzan ya zo ya ƙarasa da marar kunyar nan, kada ita Dada ta tafi ta bar ta a tasha.

Babin da muka shiga shi ne wanda matar ta isa wata tasha ranar kasuwa, muryarta ta dushe saboda shekarun kira. Ta hango wani mutum daga baya, tafiyarsa irin ta ubansa, yana hawa bayan wata babbar mota da aka riga aka tayar. Tsakaninsu akwai jama'a da kaya da dabbobi. Ta ajiye ƙunshinta a ƙasa ta kira. A kan takarda an rubuta sunan sau da yawa, dole na faɗe shi sau da yawa, kuma a na ƙarshe muryata ta ƙi. A nan babin ya ƙare. A waje ƙarar famfo ta daɗe da tsayawa. Aka kira Magariba, muka ji takun takalmi ya nufi zaure.

Dada ta ce, "Ya tafi masallaci?"

Na ce ya tafi.

"Na littafin fa, ya juyo?"

Na ce sai babi na gaba.

"Bar shi nan."

Ba mu sake buɗe littafin ba. Ta sa na matso, ta koma Fillanci, tana magana tana hutawa. Abin da ta faɗa ga shi, iya yadda zan iya mai da shi Hausa.

A lokacin suna zaune a Lau, kusa da kogi. Da aka yaye Baba, uwar mijinta ta hayo daga ƙetare don ta tafi da shi. Abin da ake so daga matashiyar uwa shi ne ta zauna a bukka tana dama fura, kamar ba a yi komai ba. Ta zauna. Ta ji an goya shi, ta ji an fita, ta ji muryoyi sun yi nisa. Daga nan, in ji ta, ba ta san wa ya tashe ta ba. Ta ga kanta tana gudu ba ɗankwali. Ta isa bakin kogi kwalekwale ya riga ya bar gaɓa. A gaban masunta da mata masu sayar da kifi da surukanta maza, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa ta kira sunansa. Na tambaye ta sau nawa, ta ce wa ya ƙirga.

"Ni nawa ɗan bai juyo ba," in ji ta. "Yana bayan kakarsa yana wasa da ruwa."

Kafin sati matan gari sun yi mata waƙa, da kwaikwayon kiran nata a cikin amshi. Ana yi a rijiya, ana yi a gidan biki, yara na yi in ta wuce da ƙwarya. Ubanta ya daina zuwa kasuwa har damina ta fita. Uwarta ta tako da ƙafa daga rugarsu, ba don ta lallashe ta ba, don ta mare ta a gaban surukai, ko a ga gidansu bai yarda da abin ba. Waƙar ta yi shekaru kafin ta mutu.

"Daga ranar na rufe bakina a kansa," in ji ta. "Yanzu ko na buɗe, ba ya fitowa. Na gwada ranar Sallah."

Na ce to bari in kira shi daga masallaci, ba sai ta faɗi suna ba, wannan labarin kawai ta ba shi. Ta girgiza kai. Ta ce, "Ango, wannan ba na rediyo ba ne. In na tafi, kai ka sani." Ta rufe ido. Na zauna da littafi a cinya har Goggo ta shigo da fitila ta ce in je in yi sallah.

Talata ba ta yi magana sosai ba, ruwa kawai ta sha. Laraba da safe Baba ya zo gaisuwa, ya ga yadda muke tsaye, bai tafi kasuwa ba. Ya ci gaba da tsugunno a ƙofa. Can Goggo ta sunkuya a kunnenta ta ce, "Dada, ga Hamma a ƙofa." Haka take kiran yayanta. Dada ta ce ta sani. Sai ta juya fuskarta, ba wajen bango ba, wajen ƙofa, leɓɓanta suka motsa.

Ni na fi kowa kusa da ita. Aikina ya koya mini karanta leɓen mutum ta bayan gilashi, in mai shirya labarai yana gaya mini wani abu ni kuma ina kan magana. Na zuba wa bakinta ido da duk abin da na iya. Ba zan ce suna ba ne. Yana iya zama suna, yana iya zama salati, yana iya zama numfashi ne kawai take nema. Babu sauti. An sha tambayata tun daga ranar, kuma da na so da na faɗi abin da ake son ji, amma ban gani ba.

Abin da ya fito a fili, kowa ya ji, shi ne, "Ku ce wa mutumin nan babu komai tsakaninmu, duniya da lahira. Ku ce ya tashi daga ƙasa, akwai danshi."

Goggo ta juya ta maimaita masa kalma bayan kalma, ko da yake tsakaninsa da gadon bai kai tsawon tabarma biyu ba. Baba ya ce wa Goggo ya gode. Bai tashi ba. Daga nan mahaifiyata ta fara yi mata kalmar shahada, tana bi, har ta daina bi.

Allah ya jiƙan Dada, ya yalwata mata kwanciya, ya karɓe ta da sunanta a cikin bayinsa na gari. Ya ba Baba haƙurin abin da babu mai iya biyansa.

Bayan sadakar uku na ba mahaifiyata labarin Lau, ita kuma ta kai wa Baba, don ba abu ne da zan iya zama in gaya masa baki da baki ba. Washegari da safe ina haɗa kaya ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina, ya ba ni gefe, yana kallon rijiya. Ban tuna ya taɓa zuwa nemana da kansa ba. Sannan ya tambaya, kamar mai yi wa rijiyar magana, "Da wanne ta kira? Na yanka, ko wanda kakata ta sa mini?"

Na ce ban tambaya ba.

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi ko ta faɗi waɗanda ke wurin. Na ce masunta da masu kifi da surukai, ba ta ambaci kowa da suna ba. Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Ranar da na kama hanyar Kaduna shi ma ya hau motar Lau. Goggo ta gaya mini a waya ya kwana biyu yana bin tsofaffi a bakin kogi, gida-gida. Ya sami wata tsohuwa guda da ta tuna an taɓa yin waƙar. Ta rera masa karin da hanci, amma kalmomin sun ɓace mata. Ya dawo ranar kasuwa ya buɗe kantinsa.